Merise da Scrum: gyara ga wani kwatanci da ya zama ruwan dare

A cikin kundayen ƙarshen karatu da ke zuwa hannunmu game da tsarin bayanai, akwai wani jadawali da kusan kullum muke cin karo da shi. A gefe guda ana jera "tsofaffin hanyoyi", wato hanyar mataki-mataki da Merise; a ɗaya gefen kuma "sababbi", wato Scrum da ire-irenta. Daga nan sai ɗalibi ya yanke hukunci cewa sabuwa ta kayar da tsohuwa. A ganinmu, wannan kwatanci yana da rauni ta fuskoki uku.

Na farko, ta fuskar tarihi. Ana danganta hanyar mataki-mataki ga maƙalar Winston Royce ta 1970. Amma wanda ya karanta maƙalar zai tarar cewa Royce ya zana wannan tsari ne domin ya nuna haɗarinsa: idan gwaji ya zo a ƙarshe, kuskuren da aka tafka tun farko ba ya bayyana sai kuɗi da lokaci sun tafi. Shawararsa ita ce a gina manhajar sau biyu, kuma a sa mai aikin a ciki. Ke nan, komawa baya domin gyara ba a 2001 ya fara ba, shekarar da aka fitar da sanarwar hanyoyin ajil a Amurka.

Na biyu, Merise da Scrum ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Merise, wadda aka tsara a Faransa a ƙarshen shekarun 1970, Hubert Tardieu na cikin jagororinta, tana raba bayanai da ayyukan da ake yi da su, sannan ta bi matakai daga ma'ana zuwa tsari zuwa na'ura. Ita kuwa Scrum, da Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar a 1995, ba ta faɗin yadda za a zana bayanai. Abin da take tsarawa shi ne lokaci: zango-zango da ba su wuce wata ɗaya ba, kowane da abin nunawa a ƙarshensa. Mu ɗauki manhajar biyan albashi. In tun a zanen bayanai an ɗauka cewa ma'aikaci ba ya canja matsayi a tsakiyar wata, gajeren zango zai tona kuskuren da wuri, amma gyaransa aikin mai zanen bayanai ne.

Na uku, ta fuskar kwangila. Misalin da aka fi kawowa shi ne na hukumar FBI ta Amurka. A 2005 ta yi watsi da manhajar Virtual Case File bayan kashe kimanin dala miliyan 170. Magajiyarta, Sentinel, an ba kamfanin Lockheed Martin ita a 2006. A 2010 hukumar ta maido aikin hannunta, ta bi Scrum, aka fara amfani da manhajar a 2012. Abin lura, abubuwa biyu ne suka canja a lokaci guda: hanyar aiki, da kuma wanda ke riƙe da ragamarsa. Wanda ya ba hanya kaɗai nasarar bai yi adalci ga hujja ba.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. A kwangilolin gwamnati, ana sa hannu bisa takardar sharuɗɗa, da farashi da wa'adi, tun kafin a rubuta layi ɗaya. Scrum kuwa tana bukatar mutum guda daga wajen mai aikin, wanda ke da ikon sake jerin bukatu kowane zango. Inda babu shi, suna kawai aka ara.

Saboda haka muna ba da shawarar a aje jadawalin, a auna kowace hanya da tambayoyi uku: yaushe kuskure zai bayyana, wa ke da ikon sake shawara, kuma wa zai biya kuɗin gyara? Kundin da ya amsa su bisa aiki guda da aka bi diddiginsa ya fi mana amfani.