Sawun Tsohuwar Kwamfuta a Bidiyon Bukukuwanmu

Duk wanda ya saba kallon bidiyon biki, suna ko walimar saukar Alƙur'ani da matasanmu na Parakou da Djougou ke haɗawa, zai iya faɗin irin kwamfutar da aka tace shi a kai ko bai taɓa leƙa shagon ba. Kamara za ta tsaya kan fuskar amarya har minti uku ba a yanke ba, alhali babu wani sabon abin gani. Bakin liman yana motsi, addu'ar tana biyo baya kamar wadda ta makara. Sai babbar alamar, wadda ta fi ci mini rai a matsayina na mai aikin rediyo: an kashe sautin wurin ɗungurungum, an shimfiɗa waƙar nanaye tun daga farko har ƙarshe.

An daɗe ana ɗora laifin duka a kan rashin ƙwarewa. Ni dai ina ganin rabinsa na na'ura ne, kuma ya kamata mai sharhi ya san haka kafin ya ɗaga murya a kan yaran nan.

Kwamfutocin da ake montaj da su a shagunan Zongo da kewayen kasuwar Arzeke, galibi waɗanda suka gama aiki ne a ofisoshin Turai, aka sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, suka kamo hanyar arewa. A Kano 'yar Kwatano ake ce wa irin wannan haja. Mu da muke bakin hanyar mun fi kowa saninta. HP EliteBook ne, ko Dell Latitude, ko ThinkPad na wajejen 2012, da RAM giga 4 da faifan ajiya mai juyawa, wanda in ya yi ƙoƙari ya karanta mega ɗari a daƙiƙa. Ita kuwa wayar da ake ɗaukar hoton da ita ta yi gaba abinta. Tana ɗaukar 4K, wanda ɗigon hotonsa ya ninka na 1080 sau huɗu, kuma tana matse shi da tsarin H.265, wanda iPhone ta koma amfani da shi tun 2017. Furosesan Intel bai samu cikakken sashen warware wannan tsari ba sai a zubi na shida, a 2015. Ke nan kwamfutar 2012 da ƙarfin tuwo take kwance kowane hoto ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa take sarƙewa, hoto ya tsaya, ya yi tsalle, ya sake tsayawa.

Daga nan matsalar take shiga cikin aikin kansa. Mai tacewar da ba ya iya kallon abin da ya ɗauka yana tafiya sumul, ba zai gane daidai inda ya kamata ya yanke ba, don haka sai ya rage yanka, ya bar dogayen gaɓoɓi yadda suke. Ga kuma wata ɗabi'ar waya: yawan hotunan da take ɗauka a daƙiƙa yana hawa yana sauka, musamman cikin duhu, kuma wasu manhajojin tacewa kan rikice da hakan har murya ta rabu da baki. Wanda mai biki ke tsaye a kansa, wuta kuma ba tabbas, ba zai zauna daidaita wannan ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ya toshe sautin, ya ɗora waƙa. Abin da muke ɗauka salo ne, asalinsa dabarar kauce wa wahala ce.

Maganin bai kai kuɗin sabuwar kwamfuta ba, ko kusa. A cire tsohon faifan a saka SSD, wanda ke kai mega ɗari biyar a daƙiƙa. A ƙara RAM zuwa giga 8, ko 16 in aljihu ya yarda, domin yawancin waɗannan kwamfutocin ofis suna da gurbi biyu. A kai wa mai gyara ya buɗe, ya hure ƙurar hunturu daga fanka, ya sabunta man da ke sanyaya furosesa, don furosesa in ya ji zafi rage gudu yake yi da kansa, kuma kowa ya san zafin Maris da Afrilu a Borgou. Sauran ma kyauta ne: manhajar HandBrake tana daidaita gudun hoton waya, DaVinci Resolve da Kdenlive kuma duk suna iya yin ƙaramin kwafi mara nauyi a yi aiki da shi, sai a ƙarshe a mayar da na asali. Iyakar abin ita ce SSD ba zai gajarta jiran fitar da bidiyo sosai ba, wannan aikin furosesa ne. Ni ma dai ban ga dalilin ɗaukar 4K ba ga bidiyon da WhatsApp zai matse kafin ya isa wayar gwaggo.

Da yawa sun yi wannan gyara, kuma a nan ne sukata ta gaskiya take. Na'ura ta samu numfashi, amma me aka yi da shi? Hoto yana juyawa kamar fanka, furanni suna zubowa, sunan ango yana shigowa da wuta a jikinsa, kowane taku na amarya an rage masa gudu. Ƙarfin da aka saya da gumi duk ya tafi wajen ado, sautin kuma har yanzu a toshe yake. Dabarar dole ta zama al'ada, har an manta dalilinta.

A dubi bidiyoyin Gani na Nikki da ke yawo duk shekara. Hotuna masu kyau, mahaya cikin ado, dawakai suna tashin ƙura. Amma Gani ai da kunne ake fara saninsa: kakakin fada, tambura, sukuwar dawaki, kirari da Bargance. A yawancin waɗanda na kalla an share wannan duka an ɗora waƙar soyayya daga Kano. Ba na ƙin waƙar Kano, a tasha muna saka ta kullum, sai dai tana da masu adana ta. Wa zai adana namu? Hausar Zongo a nan tana da nata ɗanɗano, ta sha Dandanci, ta taɓa Faransanci. Maroƙan Djougou, garin da fatake ke kira Zugu lokacin da suke ratsa shi da goron Gwanja zuwa ƙasar Hausa, suna ɗauke da sunayen gidaje da asalinsu a ka. Guɗar tsofaffi da waƙoƙin da suke yi wa amarya ba a rubuce suke ba. Bidiyon biki shi ne kusan kaɗai wurin da waɗannan muryoyi za su iya tsira, kuma nan da shekara ashirin jikoki za su buɗe shi su tarar da kakarsu tana motsa baki, wani saurayin da bai san ta ba yana rera mata waƙa.

Idrissou Mora-Kpai ɗan Borgou ne, kuma fim ɗinsa Si-Gueriki, wanda ya yi a farkon shekarun 2000 a kan mahaifiyarsa, ya isa misali. Ba shi da wani ado. Ƙarfinsa yana wajen da ya bar mata suka zauna suka yi magana, ya bar shirunsu ma ya yi aiki. Dogon hoto a wurinsa zaɓi ne, don akwai abin sauraro a ciki.

Na san masu biki ma suna da hannu. Uwar amarya tana son a nuna kowace baƙuwa da ankonta, ƙawaye suna son abin da za su ɗora a status. Wannan ba ya hana a fitar da biyu: gajere mai waƙa da ƙyalƙyali na yaɗawa, da dogo mai sautin wurin na ajiyar gida. Na biyun ma ya fi sauƙi ga tsohuwar kwamfuta, tunda sautin awa guda bai fi nauyin 'yan mintocin 4K ba, kuma Audacity da muke gyara murya da ita kyauta ce. Abin da ake buƙata ƙaramin makirufo ne a maƙala wa liman a wuyan riga, ko wata waya ta biyu a ajiye kusa da maroƙi tana naɗar murya kawai, sannan mai kamara ya sa a tafa sau ɗaya a gabanta kafin a fara, domin ya samu alamar da zai haɗa hoto da sauti a kai.