Jinjina Ga Malaman Zaɓe Na Agege

Ranar zaɓe kowa hankalinsa na kan 'yan takara, ba a cika tuna waɗanda ke zaune bayan tebur a rumfa ba. Yawancinsu ma'aikatan wucin gadi ne da Hukumar INEC ke ɗauka: 'yan bautar ƙasa, ɗalibai da matasan unguwa. Tun daren jajiberi suke kwana a cibiyar raba kaya, galibi makarantar firamare, kan benci ko tabarma, sauro na cizo, don su buɗe rumfa ƙarfe takwas da rabi.

A Agege aikin na da ƙarin nauyi. Layi ɗaya za ka ga Bayarabe, Bahaushen Zango, Inyamuri da mahaucin Oko-Oba. Yaron da ya iya Hausa da Yarabanci shi ke kwantar da tarzoma tun ba ta tashi ba. In na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ta ƙi karanta yatsan tsohuwa, sai ya ce, "Yi haƙuri Baba Hajiya, bari mu gwada fuska." Wannan ladabin ba a takarda ake koyonsa ba.

A zaɓen ranar 25 ga Fabrairu, 2023, ana tsakiyar ƙarancin takardun naira, haka ma'aikatan suka fito. Suka ƙirga ƙuri'u a bainar jama'a, wasu har dare da fitilar waya, suka cike fom ɗin sakamako na EC8A, wakilan jam'iyyu suka sa hannu.

Matasanmu na Agege, idan an buɗe ɗaukar ma'aikata, ku nema. Hukuma kuma ta biya su alawus kan lokaci, ta tsare musu rayuka.