Faifan Da Aka Ce A Fasa: Nazari Kan Gwanjon Tsofaffin Waƙoƙin Soul

A watan Mayun 2009 aka yi gwanjon wani ɗan ƙaramin faifan garmaho a Ingila, faɗinsa inci bakwai, waƙar da ke kansa ba ta kai minti uku ba. Da dillalin, John Manship, ya rufe tayi, kuɗin ya tsaya a fam 25,742. Waƙar ita ce "Do I Love You (Indeed I Do)", wadda Frank Wilson ya rera wa kamfanin Motown a 1965. An buga kwafin gwaji kimanin 250, sai Berry Gordy mai kamfanin ya nuna ya fi son Wilson ya tsaya ga tsara wa wasu waƙa, aka janye faifan, aka ce a lalata abin da aka buga. Biyu kacal aka san sun tsira a lokacin gwanjon.

Wilson bai yi asara ba, domin daga baya ya tsara wa The Supremes da Eddie Kendricks waƙoƙin da suka yi kasuwa. Amma shi ɗaya ne cikin ɗari. Galibin mawaƙan da ake rububin faya-fayansu a yau ba su ci ribar muryarsu ba, kuma rashin cin ribar nan shi ne ainihin abin da ake saye. Wannan ne ya sa harkar take burge ni, take kuma sosa mini rai.

Tushenta yana arewacin Ingila. A ƙarshen shekarun 1960, samari da 'yan mata ma'aikatan masana'antu suka kamu da son waƙoƙin baƙaƙen fatar Amurka masu saurin kiɗa, irin na Detroit da Chicago. Amurka ta riga ta wuce zuwa wani salo, su kuwa suka ƙi matsawa. Dave Godin, mai shagon faya-fayai na Soul City a Landan, ya lura da abin da waɗannan 'yan arewa ke nema in sun shigo shagonsa, shi ya raɗa wa salon suna Northern Soul. Gidajen rawa irin su Twisted Wheel a Manchester, da Golden Torch, da Blackpool Mecca, sannan Wigan Casino daga 1973 zuwa 1981, suka zama matattara. A Wigan ƙarfe biyun dare ake farawa, sai takwas na safe a watse.

To, tunda an daina yin irin waƙar, mai saka faifai ba shi da sabon abin kawowa sai tsohon da ba wanda ya taɓa ji. Daga nan aka bazama Amurka ana tonon sito-sito da shagunan kayan gwanjo, ana kwaso faya-fayan da suka yi kwantai. John Anderson, dillalin faya-fayai na Soul Bowl, ya shigo da su jibgi-jibgi. A irin wannan yawo Richard Searling ya samo "Tainted Love" ta Gloria Jones a 1973, waƙar da ba ta yi kasuwa ba a 1965, wadda mawaƙan Soft Cell suka sake rerawa a 1981 ta zagaye duniya.

A nan lissafin kasuwa ya juye. Waƙar da ta yi farin jini an buga ta dubu ɗaruruwa, ko yau da ɗan canji za ka same ta. Wadda ƙaramin kamfani ya buga 'yan ɗaruruwa, rediyo ya ƙi sakawa, kamfanin ya durƙushe, ita ce zinariya. Dubi Shrine, kamfanin Eddie Singleton da Raynoma Gordy a birnin Washington. Bai yi nasara ba tun farko, sannan ragowar kayansa suka ƙone a tarzomar 1968 bayan kisan Martin Luther King. Yau duk faifan da ke ɗauke da tambarin Shrine abin nema ne ruwa a jallo. Gobarar da ta cinye gumin mutane ita ta ɗaga farashi.

Ban raina ilimin masu wannan sana'a ba, ilimi ne na gaske. Ka ga gwani ya karɓi faifai: ba ya taɓa fuskarsa, sai ya tallabe shi ta gefe da tafin hannu, ya karkata shi ƙarƙashin fitila yana neman ƙarzuwa. Sai ya kai ido ga ɗan filin nan mai santsi tsakanin ƙarshen waƙa da takardar tsakiya, inda ake samun lambobin da aka karta da hannu ko aka buga da hatimi. Nan ake gane bugun farko da jabu, domin mai jabu yana iya kwaikwayon takarda amma hatimin masana'anta yakan tona masa asiri. Zai duba ko wani ya rubuta sunansa a takardar, ko an huda ta da 'yar ƙaramar ƙofa, alamar kayan da aka karyar. Sannan ya ɗora allura ya kasa kunne ga ƙarar tsatsa kafin kiɗa ya shigo. Tsakanin faifan da bai taɓa ganin allura ba da wanda ya sha rawa, kuɗi kan ninka sau da yawa. Zuwan shafukan intanet irin su eBay da Discogs da rumbun farashi na Popsike ya sa wuya a sami mai kayan da bai san darajar abin hannunsa ba, tsintuwa ta yi ƙaranci, tayi kuma ya koma na masu hannu da shuni.

Inda na fi samun damuwa shi ne al'adar rufe suna. Mai saka faifai in ya samo waƙar da ba kowa ke da ita ba, sai ya manna farar takarda a kan tambarin, ya laƙaba mata sunan ƙarya, don kada abokan hamayya su gano ta. Ita kanta waƙar Wilson da sunan Eddie Foster aka fara rawarta a Wigan. Ka tsaya ka auna: mawaƙin da duniya ta manta da shi, ranar da aka waiwayi muryarsa sai aka shafe sunansa. Dubban mutane na tafi da juyi, shi yana can bai ma san ana yi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Labarin Darrell Banks ya fi fito da abin fili. Waƙarsa "Open the Door to Your Heart" ta yi kasuwa a Amurka a 1966, ba ta da wuyar samu. Amma kamfanin London ya buga ta a Ingila sannan ya janye, saboda izinin ya koma hannun kamfanin Stateside. Kwafi ɗaya mai tambarin London ya ɓullo, aka sayar da shi fam 14,543 a Disambar 2014. Murya ɗaya ce, kiɗa ɗaya ne, takardar tsakiya kawai aka saya. Shi Banks wani ɗan sanda ya harbe shi a Detroit a 1970, kabarinsa ya yi shekara fiye da talatin babu ko alama. A gwanjo, daga hannun mai tarawa kuɗi ke fita zuwa hannun mai tarawa, dillali ya cire la'adarsa, mawaƙi da magadansa ko sisi.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, dole a faɗi ɗaya ɓangaren. Waɗanda suka tara kuɗi aka yi wa kabarin Banks alama masoyan wannan kiɗa ne. Kuma ba don haukar nan ta tone-tone ba, da waƙoƙi dubbai sun tafi juji. Daga cikin masu tarawar aka sami irin su Ady Croasdell, wanda tun 1982 yake fitar da tsofaffin waƙoƙi da izini a ƙarƙashin kamfanin Kent, da sunayen masu su na gaskiya. Wannan hanyar nake ganin ta fi cancantar a kira ta ƙauna, domin tana mayar da waƙa ga kunnen talaka, tana kuma buɗe ƙofar da haƙƙi zai bi ya isa ga mai shi.

Kamfanin Numero Group na Chicago ma haka. Cikin kaset-kaset ɗin wani rusasshen kamfani na Columbus a jihar Ohio suka ci karo da "You and Me", an rubuta Penny & the Quarters a jiki, ba wanda ya san su wane ne. Waƙar ta shiga fim ɗin Blue Valentine a 2010, kamfanin ya yi ta cigiyar mawaƙan domin ya biya su. A 2011 aka gano Penny tana nan da ranta, sunanta Nannie Sharpe, ita da 'yan'uwanta maza suka rera waƙar tun suna matasa, kimanin shekara arba'in kafin nan.