Rabon Birnin Kwatano a Sulhun Shekarar 1990

Akwai wani labari da mukan ba juna a ikkilisiyoyinmu na ƙasar Benin duk sa'ad da watan Fabrairu ya kewayo. Gajere ne, yana da daɗin ji, kuma mutum biyu ne kaɗai a cikinsa, soja da bishop. Akan ce Janar Mathieu Kereku ya riƙe ƙasa shekara 17 har ta kai bakin rami, sai Allah ya ta da Bishop Isidore de Souza ya shiga tsakani, zuciyar sojan ta yi laushi, ya saki mulki ba a zub da jini ba. Daga nan sai a yi addu'ar godiya a tashi. Ba ni da ja a kan godiyar. Labarin kansa nake so mu auna, gama a ganina an yi masa yankan da ya fitar da wani babba daga ciki, watau birnin Kwatano. Mutanen waɗansu ƙasashe sun ji labarin a yadda muke ba da shi, suka nemo bishop suka ɗora a kujera, amma abin bai yi musu ba. Ya kamata mu tambayi dalili.

Bari mu fara da abin da ya faru. Kereku ba sarkin gado ba ne, amma tun da ya karɓi mulki ranar 26 ga Oktoba 1972 ba wanda yake iya ce masa a'a. A 1974 ya ɗora ƙasar a kan aƙidar gurguzu, a 1975 ya sake mata suna daga Dahomey, jam'iyya kuwa ɗaya ce tak. Kafin shekarar 1989 bankunan gwamnati sun durƙushe, ma'aikata sun yi watanni ba albashi, malamai da ɗalibai suka shiga yajin aiki har shekarar karatu ta tafi a banza. Ranar 7 ga Disamba 1989 gwamnati ta ce ta bar aƙidar gurguzu, ta kuma yi alkawarin kiran babban taro na ƙasa. Taron ya zauna a otel ɗin PLM Aledjo a Kwatano daga 19 zuwa 28 ga Fabrairu 1990, da wakilai wajen 500, Bishop de Souza yana shugabanta. A lokacin shi ne mai jiran gadon babban bishop na Kwatano. Kereku ya kira su ne su ba shi shawara. Amma ranar 25 ga wata wakilan suka ce taron ne da wuƙa da nama, abin da ya yanke ya zama doka ko shugaba ya so ko bai so ba. Ka ga ke nan sarki da majalisa sun tsaya ido da ido. Kwana uku bayan haka Kereku ya zo zauren ya ce ya karɓi dukan abin da aka yanke.

To, me ya sa mai bindiga ya yarda? A nan ne masu ba da labari sukan yi tsalle su faɗa kan taushin zuciya. Ni dai ina ganin sai mun dubi garin da yake kwana a cikinsa.

A takarda Porto-Novo ce babban birnin ƙasa, amma kowa ya sani gwamnati tana Kwatano. Can fadar shugaba take, can ma'aikatu suke, can tashar jiragen ruwa take wadda harajinta yake ciyar da baitulmali, jami'a kuma tana Abomey-Calavi a bakin garin. Mutanen da ba a biya ba, su ne masu buga wa gwamnati takardu, masu koyar da 'ya'yan hafsoshi, masu ba da magani a asibiti. Da suka nade hannu, gwamnati ta zama kai ba gangar jiki. Malamin da bai ga albashi ba yana da bashi a wurin mai gidan haya da mai sayar da garin rogo a kasuwar Dantokpa, saboda haka yunwarsa ta zama yunwar unguwa duka. Ranar 11 ga Disamba 1989, kwana huɗu kawai bayan alkawarin taro, dubban mutane suka cika titunan Kwatano. Kereku ya fito da ƙafa don ya yi musu magana, aka yi masa ihu, har aka yi jifa. Mutum yana iya ƙaryata rahoton da aka kawo masa a ofis, amma ba ya ƙaryata dutsen da ya wuce ta gefen kunnensa. Mako biyu bayan haka labari ya zo cewa an harbe Ceausescu na Romaniya, wani shugaban gurguzu. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Sai kuma rediyo. Wannan shi ne abin da na fi ganin an rage wa daraja a labarinmu. An watsa muhawarar taron kai tsaye, mutanen gari suna ji a shaguna da ofisoshi da tsakar gida. Wakilin da yake so ya sayar da bakinsa ya san maƙwabtansa suna sauraro, kuma da yamma zai bi ta gabansu ya koma gida. Sojan da yake tunanin kewaye otel ɗin ya san ba zai yi shi a ɓoye ba. An kuwa yi barazanar, gama Kanar Maurice Kouandete, wanda ya saba da juyin mulki tun shekarun 1960, ya yi maganar da ta tsorata mutane a cikin kwanakin. Amma wanda zai kama wakilai ɗari biyar, da safe sai ya mallaki garin da ya ji kome da kunnensa, garin da ya riga ya ƙi yin aiki, kuma ba kuɗin da za a biya shi. Masu ba da bashi ma, watau Faransa da Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni, wakilansu suna nan cikin garin suna kallo, da jakar kuɗi a rufe.

Kada mai karatu ya ɗauka ina rage wa bishop ladansa. Ya yi aikin da ba kowa zai iya ba. Ya riƙe zaure mai cike da mutanen da aka ɗaure da waɗanda suka ɗaure su, ga tsofaffin shugabanni kamar Hubert Maga da Justin Ahomadegbe da Emile Zinsou, ga hafsoshin soja, ga waɗanda suka dawo daga gudun hijira. Ya riƙa zuwa fada yana ganawa da Kereku a lokacin da magana ta yi zafi. Babbar hikimarsa ita ce ya bar wa mutumin ƙofar fita. An bar Kereku a kujerar shugaban ƙasa na wucin gadi, aka ba Nicephore Soglo aikin firayim minista da ikon gudanarwa, daga baya kuma a 1991 majalisar riƙon ƙwarya wadda bishop ɗin ya shugabanta ta ba Kereku kariya daga shari'a. Waɗanda aka azabtar a kurkukun Segbana, nan arewa kusa da mu, suna da dalilin jin zafin wannan kariya, kuma labarinmu na coci ba ya yawan tunawa da su. Duk da haka, ƙofa ba ta da amfani sai ga wanda wani abu ya matsa masa ya fita. Bishop ya buɗe ƙofa, gari ne ya yi matsin.

Hanyar gwada wannan magana ba ta da wuya. A Lome, a watannin Yuli da Agusta 1991, aka yi irin wannan taro a ƙarƙashin Bishop Philippe Kpodzro na Atakpame. Mutanen Lome ma sun fita titi, sun kuma mutu. Amma sojojin Eyadema yawancinsu daga yankinsa na arewa suke, ba su ga garin a matsayin gidansu ba, kuma a Disamba 1991 suka kai hari ofishin firayim minista Koffigoh da manyan bindigogi. Eyadema ya mutu a kan mulki a 2005. A Kinshasa, Bishop Laurent Monsengwo ne ya riƙe taron, mutum mai ilimi da nauyi. Mobutu kuwa sai ya ƙaurace wa birnin, yana zama a Gbadolite, fiye da kilomita 1,000 daga can, ko cikin jirginsa a kan kogi. Ihun Kinshasa bai hana shi barci ba, ya ci gaba har 1997. Za mu ce waɗannan bishop-bishop ba su kai namu addu'a ba ne? Ban yarda ba.

Abin ba na Afirka kaɗai ba ne. A Ingila, bayan yaƙin basasa tsakanin Sarki Charles na ɗaya da majalisa, dattawan birnin Landan sun roƙa a 1648 a kawo sarkin cikin birni a yi sulhu da shi. Majalisa ba ta yarda ba. Aka kai zaman Newport, wani ƙaramin gari a tsibirin da ake tsare da sarkin, daga Satumba zuwa Nuwamba. Sarki yana ja da lokaci, wakilai suna kai da komowa, sojoji kuwa ba su da kujera a wurin. A farkon Disamba soja suka shiga Landan, suka hana 'yan majalisar da suke son sulhu shiga zaure, kuma ranar 30 ga Janairu 1649 aka sare kan sarkin. An yi sulhun nesa da gari, masu makami suna waje. A Kwatano an yi shi cikin gari, hafsoshi suna zaune a zaure, jama'a suna ji. Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su tuna da Rehobowam a Shekem, wanda shi ma jama'a suka ba shi kwana uku, ya bar shawarar dattawa ya bi ta samari, kabilu goma suka rabu da shi. Kereku ya yi amfani da nasa kwana ukun fiye da ɗan Sulemanu.

Yanzu ga laifi na biyu da nake gani a labarin, kuma wannan ya fi shafarmu mu da muke bakin kogin Kwara. Da yake an cire Kwatano daga labarin, ba a ganin aikin da ta yi, ba a kuma ganin ladan da ta biya kanta. Garin da ya ɗauki baƙuncin sulhu yakan zuba sulhun a cikin nasa masaki. Da Faransanci aka yi muhawara. Lauyoyi da malaman jami'a da shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago ne suka fi riƙe magana. Albert Tevoedjre ne ya haɗa rahoton taron, Maurice Ahanhanzo-Glele ya shugabanci masu rubuta tsarin mulki, dukansu manyan masana ne, 'yan kudu. Damuwar da ta fi ƙarfi a zauren ita ce ta mai albashi da mai takardar digiri. Daga Malanville zuwa Kwatano ya fi kilomita 700, layin dogo ma a Paraku ya tsaya. Manomin shinkafa a fadamar nan, da mai auduga a Banikoara, da Bafulatani mai kiwo, da mai sayar da albasa a kasuwarmu, masu jin Dandanci da Zabarmanci da Hausa da Fulatanci, sai dai wani ya fassara musu abin da akwati ya faɗa.

Sakamakon ya fito a akwatin zaɓe. An amince da sabon tsarin mulki ta ƙuri'ar raba gardama ranar 2 ga Disamba 1990. A zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, ranar 24 ga Maris 1991, Soglo ya sami wajen kashi biyu cikin uku na ƙuri'u, amma jihohin arewa biyu na lokacin, Atakora da Borgu, kusan gaba ɗaya Kereku suka zaɓa. A Paraku a ranar aka far wa 'yan kudu, aka yi asarar rai, da yawa suka gudu. To, ina maganar da muke yi cewa ba a zub da jini ba? A zauren ne ba a zubar ba. Shekara biyar bayan haka, a 1996, mutumin da ake kira hawainiya ya komo mulki ta hanyar ƙuri'a, ya yi shekara goma. Wanda ya san labarin mutum biyu kawai ba zai iya gane wannan ba, sai ya ce mutane sun manta. Ba mantuwa ba ce. Rabin ƙasa bai taɓa jin cewa sulhun nasa ne ba yadda Kwatano ta ji.

Tsarin mulkin 1990 ya yi alkawarin cewa garuruwa za su zaɓi masu tafiyar da al'amuransu. Sai a Disamba 2002 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko, shekara 12 bayan taron. Kafin nan daga kudu ake naɗo mai mulkin gari a aiko mana. Abin da ya shafi kujerar shugaba da ta firayim minista an gama shi cikin kwana goma, abin da ya shafi ikon ƙauye sai da ya jira yaron da aka haifa a shekarar taron ya gama firamare.

Har 'yan shekarun nan halin bai sake ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar aka rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya, manyan motoci suka yi layi na kilomitoci, kaya suka ruɓe, masu jinya da ɗalibai da 'yan kasuwa suka koma ƙetare kogi da kwalekwale a kan kuɗi mai yawa. A watan Yuni 2024 tsofaffin shugabanni biyu suka tashi neman sulhu, Boni Yayi da Soglo, shi wannan Soglo da taron 1990 ya ɗaga. Sun yi abin kirki, kuma an karɓe su da mutunci. A Yamai suka zauna da Janar Tiani, suka koma Kwatano suka ba da rahoto. Gadar da ake magana a kanta tana nan tsakanin Malanville da Gaya, shekarar kuma ta ƙare ɓangaren Nijar yana rufe.