Ɗan Fosaidan a Birnin Niyu Yok: Sharhi a Kan Littattafan Percy Jackson

Akwai wani irin ƙagaggen labari da ya yi kasuwa a Amurka da Turai tun farkon wannan ƙarni, watau labarin jarumtaka da ake rubuta wa matasa, a ɗauko dodanni da allolin tatsuniyoyin Girkawa a sako su cikin duniyarmu ta yau. Ɗalibin adabi yakan ji nauyin a gan shi da irin waɗannan littattafai, don wai karatun yara ne. To, a wannan ɗan sharhi ina so mu dubi waɗanda suka fi shahara daga cikinsu, mu ga ko daɗin da ake ji a cikinsu yana da tushe, ko kuwa zaƙin alewa ne kawai.

Mawallafin shi ne Rick Riordan, mutumin San Antoniyo ta jihar Tekzas, wanda aka haifa a 1964. Ya daɗe yana koyar da Turanci da tarihi a makaranta, kuma tatsuniyoyin Girkawa suna cikin abin da yake koyarwa. Asalin labarin hirar dare ce da yake yi wa ɗansa, yaron da ke fama da larura biyu: ta farko haruffa sukan rikice masa in ya zo karatu, ta biyu ba ya iya natsuwa wuri guda. Da tatsuniyoyin da ya sani suka ƙare, sai ya ƙago sabon tauraro mai irin larurar ɗan nasa. Littafin farko, The Lightning Thief, watau Ɓarawon Aradu, ya fito a 2005, sauran huɗu suka biyo shi ɗaya a kowace shekara, har zuwa The Last Olympian a 2009.

Ga labarin a taƙaice. Percy yaro ne ɗan shekara 12, wanda aka sha korarsa daga makarantu, yana zaune da uwarsa da wani mugun mijin uwa a Niyu Yok. Kwatsam sai ya gane ashe ubansa Fosaidan ne, wanda Girkawa suka ɗauka shi ne mai mulkin teku. Aka kai shi wani sansani na yara irinsa, 'ya'yan da alloli suka haifa da mutane. Bai gama wartsakewa ba sai aka ɗora masa laifin sace aradun Ziyus, sarkin allolin, aka kuma ba shi kwana 10 ya nemo ta, in ba haka ba yaƙi ya ɓarke. Ya kama hanya daga gabashin Amurka zuwa yamma tare da abokai biyu: Annabeth 'yar Atina, da Grover wanda rabinsa mutum ne rabinsa bunsuru. Kada kalmar alloli ta tayar wa mai karatu da hankali. Taurarin tatsuniya ne, kuma shi kansa littafin tun da wuri ya raba zancensu da zancen Mahalicci, ya ce wannan wani babi ne dabam.

Daɗin farko da mai karatu zai ji shi ne na gane tsohon abu cikin sabuwar riga. Dutsen Olimfus, fadar alloli, ya koma hawa na 600 a dogon benen Empire State. Ƙofar lahirarsu tana Los Anjalis, a ofishin wani kamfanin ɗaukar sauti, kuma Karon, mai fiton matattu, yana sanye da kwat ɗin Italiya yana ƙorafin an daɗe ba a ƙara masa albashi ba. Medusa, wadda duk wanda ya dubi fuskarta yake zama dutse, ta buɗe shagon sayar da mutum-mutumin ƙawata lambu a bakin titi. Ina za a sami sana'ar da ta fi wannan dacewa da ita? Wanda ya fi burge ni shi ne na masu cin furen lotas. A cikin Odisi ta Homa, wasu mutane ne da ke ba baƙo wani tsiro ya ci ya manta gida. Riordan ya mai da su gidan wasanni a Las Begas, inda yaran suka shiga suna zaton 'yan awoyi suka yi, da suka fito ashe kwana 5 sun wuce. Duk ɗalibin da ya taɓa ɗaukar waya don duba saƙo ɗaya, ya ɗago kai ya ga rana ta faɗi, ba ya bukatar a yi masa tafsirin wannan babi.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce gare mu. Abin da Abubakar Imam ya yi ke nan a Magana Jari Ce, inda ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiyawa da Turawa ya sa musu rawani da babbar riga har suka zama 'yan gida. Ma'aunin gwaninta a nan guda ne: shin aron ya zauna daram a sabon wurinsa, ko kuwa ana ganin ɗinkin? A littafin farko da na biyu mafi yawan aron Riordan ya zauna.

Sai dai da a ce abin ya tsaya a nan, da wasan kacici-kacici ne kurum, ba kuma zai riƙe mutum har littafi biyar ba. Abin da ya riƙe labarin, a ganina, shi ne jigon da ke kwance ƙarƙashin barkwancin, watau ɗa da uban da ya haife shi ya juya masa baya. Tatsuniyoyin Girkawa cike suke da jarumai da alloli suka haifa suka watsar, amma ba kasafai tatsuniyar takan tsaya ta tambayi yaron yadda yake ji ba. Riordan ya tsaya ya tambaya. A sansanin nan akwai ɗakuna 12, kowane babban alla da nasa. Yaron da mahaifinsa bai aiko da alamar amincewa da shi ba, sai a tura shi ɗakin Harmis, majiɓincin matafiya, inda aka yi cunkoso har wasu suna kwana a ƙasa. Akwai waɗanda sukan shekara da shekaru a nan suna jiran alamar da ba za ta zo ba. Mai karatu yana cikin dariyar Karon da kwat ɗinsa, sai ya tuna da wannan ɗaki, dariyar ta rage.

Daga wannan ɗaki abokin gabar ya fito. Luke, ɗan Harmis, shi ya karɓi Percy hannu bibbiyu, shi ya koya masa takobi, shi ne kuma ɓarawon aradun. Ya bi Kuronos, tsohon sarkin da Ziyus da 'yan'uwansa suka tumɓuke, don a rushe Olimfus. Abin lura shi ne mawallafin bai taɓa cewa ƙorafin Luke ƙarya ne ba. A littafi na biyar an kai mu gidan uwarsa, mace da hankalinta ya taɓu, tana ta haɗa abincin rana tana jerawa, tana jiran ɗan da ya gudu tun yana shekara 9. Ubansa ya san abin da zai faru, bai kuwa hana ba. Bayan wannan babi da wuya mutum ya ci gaba da kallon Luke a matsayin mugu zalla. Hanyarsa ce ɓatacciya, amma ciwon da ya sa shi bin ta ciwo ne na gaske, kuma Percy ma yana ɗauke da irinsa.

Saboda haka ne ƙarshen labarin ya yi armashi. Ba Percy ne ya kashe Kuronos ba; wuƙa ya miƙa wa Luke, shi kuwa ya soki kansa don ya hallaka abin da ya shiga jikinsa. Da allolin suka yi wa Percy tayin zama ɗaya daga cikinsu, ya dawwama ba mutuwa, sai ya ƙi. Ya nemi su rantse cewa kowannensu zai amince da 'ya'yansa kafin su wuce shekara 13, a kuma gina ɗakuna ga 'ya'yan ƙananan alloli da ba a kula da su. Watau tauraro ya ci yaƙi, sa'an nan ya tilasta wa waɗanda ya yi wa yaƙin su biya bukatar wanda ya yaƙa. Ba kowane littafin manya ne yake da wannan ƙarfin hali ba.

Akwai masu suka, kuma bai kamata a toshe kunne ba. A 2014 Rebecca Mead ta yi rubutu a mujallar The New Yorker tana nuna fargabar kada yaron da ya saba da wannan salo mai sauƙi da ba'a ya ƙi matsawa zuwa karatu mai nauyi, ya riƙa neman irinsa kawai. Fargabar tana da dalili, don harshen Percy harshen ɗan makarantar Amurka ne, mai yawan shaguɓe, kuma da wuya ka sami jimlar da za ka koma ka sake karantawa don kyanta. Amma masu cewa Riordan ya zubar wa allolin Girka da girma sun makara da shekara dubu biyu da ɗoriya. Homa da kansa ya ba da labarin yadda aka kama Aris da Afrodayit cikin raga, sauran alloli suna ta ƙyaƙyata dariya. Aristofanis, a wasansa na Kwaɗi na shekarar 405 kafin haihuwar Annabi Isa, ya fito da Dayonisos a matsayin matsoraci abin dariya. In Riordan ya mai da wannan Dayonisos shugaban sansani mai gunaguni, wanda aka hana shi giya yana fama da lemon gwangwani, to sawun magabata ya bi.

Aibin da na fi gani yana wani wuri. Da aka tambayi Kairon, malamin jarumai mai jikin doki, dalilin da ya sa Olimfus take Amurka, sai ya ce allolin suna bin wayewar Yamma duk inda wutarta ta fi ci, daga Girka zuwa Rum, har ta iso Amurka. An faɗi wannan kamar gaskiyar da ba ta da ja. To, ina aka bar Iskandariyya? Ina aka bar Bagadaza, inda aka fassara Aristo da Jalinus zuwa Larabci a zamanin Abbasiyawa, lokacin da mafi yawan littattafansu ba sa hannun Turawan Yamma? Gādon Girka bai bi hanya ɗaya miƙaƙƙiya ba, kuma littafin da yara miliyoyi za su karanta bai kamata ya koya musu haka ba. Har wa yau akwai tausasa labari inda bai dace ba. A wurin Obid, mawaƙin Rum, fin ƙarfi aka yi wa Medusa a ɗakin bautar Atina, aka kuma hukunta ta ita kaɗai. A wurin Riordan ta zama budurwar Fosaidan da aka kama su tare. An gane cewa yara ake rubuta wa, amma littafin da ya san zafin yaron da aka yasar ya kamata ya san zafin wannan mace, maimakon a sare kanta a wuce.

Ta wajen zubi kuwa, tun daga littafi na uku mai karatu ya riga ya haddace tsarin: a yi duba, a ba da wa'adi, a kama hanya, kowane zango da dodonsa. Jerin da suka biyo baya, na allolin Rum da na Masar da na mutanen arewacin Turai, duk a kan wannan ƙwarya aka ƙera su, har abin ya fara kama da aikin masana'anta.

Game da zancen wayewar Yamma, an sami wani ɗan gyara daga baya. A 2018 aka fara fitar da littattafai ƙarƙashin sunan Rick Riordan Presents, inda marubuta daga wasu al'ummu suke yin irin wannan aiki da tatsuniyoyin kakanninsu. Roshani Chokshi ta rubuta labarin Aru Shah daga tatsuniyoyin Indiya, Kwame Mbalia kuma ya fito da Tristan Strong a 2019, wanda a cikinsa akwai Anansi, gizo-gizon nan mai wayo na tatsuniyoyin Akan a Gana, ɗan'uwan namu Gizo na Ƙoƙi. Wanda zai fara karatun, shawarata ya ɗauki The Lightning Thief, ya ajiye fassarar Odisi a gefensa, in ya kai babin Las Begas ya buɗe kashi na 9 na Homa ya gwada su.