Sheƙin Tsohuwar Fijo: Daga Kwalba Yake Ko Daga Hannu?

Ana saura kwana uku Ƙaramar Sallah Baffana ya sa yara suka turo Fijo 504 ɗinsa daga cikin rumfar da take kwana a Kazaure. Shuɗiya ce, haɗin Kaduna, ta girmi duk 'ya'yan gidan. Ba ta fita sai da dalili: zuwa Idi, ɗaukar amaryar dangi, ko gaisuwar mutuwa a Roni. Ɗansa da ke aiki a Kano ya zo masa da wata kwalba wadda masu sayarwa ke kira silant, man da ake shafa wa fentin mota ya rufe shi ruf. Baffa ya juya kwalbar, ya kai ta hanci, ya ce, “To, wannan ɗin zai dawo mata da hasken da na san ta da shi?” Ɗan ya ce, “Sosai ma, Baba. Sai ka ga fuskarka a jikinta.”

Aka wanke motar, aka shafa, aka goge. Ta ɗan yi duhu, shuɗin ya ɗan fito, amma fuskar da Baffa ya gani a bonet kamar ta wanda ya leƙa ruwan kududdufi ce. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Wannan gardamar ta uba da ɗa, ita ce dai masu tsofaffin motocin baje koli a Turai da Amurka suka daɗe suna yi, sai dai su a cikin gareji mai na'urar sanyi suke yin tasu, mu kuwa a ƙarƙashin darbejiya.

Mu ba mu da gasar kyan mota mai alƙalai da kofi. Abin da muke da shi shi ne idon jama'a ranar Sallah da ranar biki, kuma alƙali ne da ba ya sassauci. Tun da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, Fijo ta zama motar ma'aikaci, ta alhaji, ta hakimi, ta direban tasha. An ci gaba da haɗa 504 a can har cikin shekarun 2000, bayan Faransa kanta ta daɗe da barin ta. Yawancinsu sun ƙare a jigilar buhuna da fasinja, 'yan Kwatano suka maye gurbinsu. Kaɗan da suka tsira a hannun masu riƙo, su da wasu tsofaffin Marsandi, su ne kayan tarihinmu masu taya huɗu, ko da yake ba kowa ke yi musu wannan kallon ba.

Kafin a ce kwalba na ƙara sheƙi ko ba ta ƙarawa, sai an san mene ne sheƙin. Haske ne ke sauka a kan abu ya koma. In fuskar abin sumul take, hasken sai ya koma a haɗe ta hanya guda, ido ya ga hoton sama da bishiya da mutum. In kuwa tana da ƙananan ramuka da ƙarce, ko da ido ba ya ganin su ɗaya-ɗaya, hasken sai ya watse ko'ina, abin ya yi fari-fari, ya dushe. Masana'antun fenti har na'ura gare su ta auna wannan: ana haska fitila a karkace, galibi a digiri 60, a ga nawa ne ya dawo daidai. Ashe sheƙi magana ce ta santsi.

Bahaushe ya san wannan tun ba a ƙera mota ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wajen 'yan bugu a Kura ko a cikin birnin Kano ya ji wannan kiɗan na itace a kan itace, mutum biyu ko uku suna dukan zane a kan gungume, ana ninkewa ana juyawa. Ana barbaɗa shuni, gaskiya ne, shi ke ba turkuɗi wannan ƙyallin mai kama da ƙarfe da Buzaye ke so. Amma ka barbaɗa shunin a kan zanen da ba a buga ba, ka ga ko zai ɗauki ido. Dukan ne ke kwantar da zaren, ya lafe, ya zama fuska ɗaya. Haka mai ginin tukunya ke goge ta da dutse mai santsi tun tana ɗanya, haka shushaina ke ɓata lokaci a kan buroshi da ƙyalle fiye da yadda yake ɓatawa wajen shafa mai. Abin da ake shafawa yana da nasa rabo. Rabon hannu ya fi yawa.

A jikin mota ma abubuwan da ake ruɗawa da juna guda uku ne, kuma a wajen wankin mota duk folish ake ce musu. Folish na gaskiya yashi ne mai laushin gaske a cikin mai. Aikinsa ya ci saman fentin da ya mutu, ya daidaita ƙarcen, ya fito da sabuwar fuska. Kaki kuwa, wanda ake ce wa waks, ba ya cin komai, shimfiɗuwa kawai yake yi. Mafi daraja a cikinsa shi ne kanoba, wanda ake kakkaɓowa daga ganyen wata bishiya dangin giginya da ke arewa maso gabashin Burazil. Ya fi kakin zuma tauri nesa: na zuma yana narkewa a wajen digiri 63, shi kuwa sai ya haura 80. Silant shi ne na uku, haɗin ɗakin bincike ne, sinadarai masu kama jikin fenti su daskare. Duk kaurin fentin mota daga masana'anta bai wuce kamar maikron 100 zuwa 150 ba, wato kusan kaurin takardar littafi ko ya ɗan ɗara. Abin da kaki ko silant ke bari bayan an goge bai kai maikron ɗaya ba. Shimfiɗar da ba ta kai wannan kaurin ba, yaya za ta binne ƙarcen da ya ninka ta zurfi?

Duk da haka ɗan Baffa bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Ka ɗauki tsakuwa daga gindin duwatsun Roni, ka tsoma a ruwa: launinta sai ya yi zurfi, ta yi ƙyalli, don ruwan ya cike ƙananan ramukan da ke watsa haske. Silant na yin irin wannan a kan fentin da ya gaji, shi ya sa shuɗin Fijo ya ɗan farfaɗo. Ƙarin na gaske ne, amma ɗan kaɗan ne, kuma ya fi bayyana a inda fentin ya fi lalacewa. A kan fentin da aka riga aka gyara sumul, da ƙyar ido zai bambance gefen da aka shafa da wanda ba a shafa ba. Masu sha'awar abin kan ce kaki na ba da sheƙi mai ɗumi da zurfi, silant kuma mai kaifi kamar gilashi. Na yarda akwai ɗan bambanci a kan baƙar mota ko ja a hasken la'asar. A kan fara kuwa, ina jin rabin wannan maganar kuɗin kwalbar ne ke yin ta a zuciyar wanda ya biya.

Washegari aka kira wani dattijo mai fentin mota. Bai ko dubi kwalbar ba. Ya ɗiga folish a farin ƙyalle, ya murza bayan but daidai faɗin tafin hannu, ya ɗago ƙyallen. Ya yi shuɗi shar.

“Alhaji, ka gani? Wannan fentin dauri ne, ba shi da kiliya. Abin da ke jikin ƙyallen nan motarka ce.”

Nan ne gaɓar da ta raba tsohuwar mota da 'yar Kwatano. Tun daga shekarun 1980 masana'antu suka koma yin fenti hawa biyu: launi a ƙasa, sannan wani garai-garai a sama da masu fenti ke kira kiliya. A irin wannan, folish kiliyar yake ci, ƙyalle ba ya ɗaukar launi. Tsofaffin motoci masu fenti hawa ɗaya kuwa, launin da sheƙin a haɗe suke, shi ne kuma ke fuskantar rana kai tsaye. Idan ya tsufa sai samansa ya koma gari-gari kamar alli. Alherinsa shi ne ana iya farfaɗo da shi, a cire mataccen a iske mai rai a ƙasa. Sharrinsa shi ne kowace gogewa ragi ce da ba ta dawowa. A bakin ƙofa da kan ƙashin bonet, inda fentin ya fi siranta tun daga masana'anta, injin goge a hannun yaro mai gaggawa yana iya kaiwa ga shafen da ke ƙarƙashin fentin cikin ƙiftawar ido. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Dattijon ya ƙi taɓa inji. Da hannu ya yi, faɗin tafi bayan faɗin tafi, yana sauya ƙyalle, ya cinye wuni guda a kan bonet da but kawai. Ya ce sauran sai bayan Sallah, ba a fafe gora ranar tafiya.

Da ya gama sai ya manna tef ya raba bonet gida biyu, ya shafa silant a ɓari ɗaya. Muka tsaya mu biyar muna leƙe bayan an cire tef ɗin. Biyu suka nuna dama, ɗaya ya nuna hagu, ni da Baffa muka kasa cewa komai. Sai ya watsa ruwa da buta. A ɓarin da ba a shafa ba ruwan ya kwanta ya bazu, a wanda aka shafa ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya ya gangare.

To a nan ne kwalbar ta nuna amfaninta, kuma a ƙasarmu amfanin ba ƙarami ba ne. Babban maƙiyin fenti daga Kazaure zuwa Babura ba tsufa ba ne, ƙura ce da tsumma. Ƙurar hunturun da ke rufe mu daga Nuwamba zuwa wajen Maris, wadda mai yawa daga cikinta ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, tana ɗauke da ɓarɓashin ma'adini irin na yashi, wanda ya fi fenti tauri ninkin-ba-ninkin. Ga kuma jar ƙasar hanyoyin ƙauyukan Gwiwa ranar kasuwa. Kowace safiya direba ko yaron gida zai ɗauko busasshen tsumma ya share motar, don nuna kula. Samfefa yake yi mata bai sani ba. Waɗannan zagayen ƙarce masu kama da saƙar gizo da ake gani a jikin baƙar mota da tsakar rana, sawun wannan kulawar ne. Sannan a zo wanki da omo da soson buhu, a bar ruwan burtsatse ya bushe a jiki a cikin rana ya bar tabon gishirinsa. Ko inuwar darbejiyar da muke gudu gare ta, tsuntsayen da ke kanta suna da nasu hukuncin.

Fentin da aka rufe da silant yana da santsi, ƙura ba ta kama shi sosai, ruwa kaɗan ke sauke ta, kuma kashin tsuntsu na samun abin da zai fara ci kafin ya kai ga fenti. Ya kuma fi kaki jure zafi. A watan Afrilu, lokacin da iska kanta ke haura digiri 40, jikin mota mai duhu yana zafin da ba a iya ɗora hannu. Kakin gwangwani, wanda dole aka sassauta shi da mai don ya shafu, makonni kaɗan yake yi a irin wannan yanayi. Silant kan kai watanni, in ba a yi ta dirza shi da omo ba. Da a Landan Fijon Baffa take, tana fita sau uku a shekara daga gareji zuwa filin ciyawa, da kaki ya ishe ta. A nan dole a yi maganar abin da zai daɗe. Hattara guda biyu dai: masu fenti ba sa so a rufe sabon fenti sai ya yi wata ɗaya zuwa uku yana bushewa, kuma sinadarin silikon da ke cikin yawancin waɗannan mayukan, in ba a wanke shi tas ba kafin a sake feshi, sai sabon fentin ya yi ta buɗe ƙananan idanu.

Maganar sake feshi ita ce ta fi damuna. Al'adarmu ita ce mota ta dushe, a kai ta a yi mata sabon fenti, wani lokaci har a sauya launi, a cike lotsawa da fila, a fesa har kan robar gilashi. Ta fito tana walƙiya kamar sabon kwano, amma ba ita ba ce kuma. Su kansu Turawan da suka kai son sheƙi maƙura sun fara ja da baya. A gasar Pebble Beach ta Kalifoniya, wadda ake yi tun 1950, shekara da shekaru motocin da aka sabunta har suka fi ranar da aka ƙera su kyau ne ke lashe babbar kyauta. A 2024 sai alƙalai suka ba wata Bugatti ƙirar 1934 da ba a sabunta ba, da tsohon fentinta da ƙarcenta da kujerunta da suka sha zama. Karo na farko ke nan da mota daga rukunin waɗanda aka adana yadda suke ta yi wannan nasara. Fenti na asali sau ɗaya ake yin sa. Wanda aka fesa wa Fijon Baffa a Kaduna, in ya tafi, duk kuɗin kasuwar Ƙofar Ruwa ba za su sayo shi ba.

Ranar Sallah da asuba na iske ƙura ta sake kwantawa a kan motar, siririya kamar an barbaɗa gari. Jikan Baffa ya fito da tsummansa a kafaɗa, zai yi abin da ya saba. Baffa ya ɗaga murya daga kan dardumarsa.

“Kai, ajiye wannan! Ɗebo ruwa a randa.”

Yaron ya kwara bokiti biyu, ƙurar ta bi ruwan ta sauka. Bonet da but suna ɗaukar hoton reshen darbejiya ganye-ganye, ƙofofin da ba a kai gare su ba kuwa suna nan a dushe, duk da silant ɗin da suka sha tun ranar farko. A haka Baffa ya ja ta zuwa Idi.