Gidan Adashin Halifax: An Tsare Dutse, Ina Amanar?

A garin Halifax da ke arewacin Ingila akwai wani gini wanda baƙo ba ya wucewa bai ɗaga kai ba. Shi ne tsohon babban ofishin ƙungiyar adashin gina gida ta Halifax, wanda aka gina tsakanin 1968 da 1974. A shekara ta 2013 hukuma ta sa shi cikin jerin gine-ginen tarihi da doka ta tsare. Waɗansu sun yi murna, waɗansu kuwa sun yi tsaki. Wa ke da gaskiya?

Kafin a yanke hukunci, ya kamata mai karatu ya san asalin irin waɗannan ƙungiyoyi. Wanda ya san adashi ya riga ya gane rabin zancen. A Birmingham aka kafa ta fari a 1775. Ma'aikata sukan zuba kuɗi wata-wata, a gina wa wannan gida, gobe a gina wa wancan, in kowa ya samu sai a watse. Daga baya aka sami waɗanda ba su watsewa: masu ajiya na zubawa, masu neman gida na cin bashi su jinginar da gidan. Ta Halifax, wadda aka kafa a 1853, irin wannan ce, ta kuwa bunƙasa har ta fi dukan takwarorinta a ƙasar. Ba attajiri ne ke da ita ba. Masu ajiya da masu bashi su ne masu ita.

Kamfanin Building Design Partnership ne ya zana ginin, ya kuma yi abin da ba a saba gani ba. Babban ɗakin aiki ba a ƙasa yake ba. An ɗaga shi sama bisa manyan ƙafafu huɗu, kamar rumbu a kan duwatsu. Yana da kusurwa huɗu, biyu masu tsini kamar goshin jirgin ruwa. An lulluɓe jikinsa da dutsen yankin da gilashi mai launin tagulla. A ƙarƙashin ƙasa kuma aka haƙa ma'aji domin takardun mallakar gidajen da aka jinginar, inda na'ura ke ɗauko takarda ta kawo wa ma'aikaci.

A nan ƙarfin ginin yake. Tsarinsa ya faɗi gaskiyar aikinsa: abu mafi daraja, wato takardar gidan masaƙi da direba da malamin makaranta, shi aka ɓoye a wuri mafi tsaro, ma'aikata kuma suna zaune a bisansa kamar kaza a kan ƙwai. Zaɓen dutsen yankin shi ma hikima ne, gama ya haɗa sabon gini da tsofaffin bangayen garin.

Amma yana da aibi, bai kuwa kamata a rufe shi ba. Ginin ya fi ƙarfin unguwarsa. Titunan Halifax na zamanin masaƙu ne, da kantuna masu ƙofa a bakin hanya, shi kuwa ya tsaya a kansu kamar raƙumi cikin garken awaki. Mai tafiya a ƙasa ba ya ganin fuskar da ke marabtarsa, sai inuwa da ƙafafu. Ƙungiyar da ta tashi daga ƴan kuɗin talakawa ta gina wa kanta gidan da talaka zai ji nauyin shiga.

Duk da haka, tsare shi daidai ne. Dokar Ingila, wadda ta kafu tun 1947, ba ta tambaya ko gini ya gamshi kowa. Tana duba ko yana da muhimmanci wajen fasaha ko tarihi. Matakai uku ne, wannan kuwa yana na ƙasa, inda yawancin gine-ginen jerin suke. Ma'anar ita ce, ba a rushe shi ko a sāke kamanninsa sai da izinin hukuma, wanda ya yi gaban kansa ya aikata laifi. A bisa al'ada kuma sai gini ya shekara 30 kafin a duba shi, domin zafin yayi ya huce.

Halifax kanta ta ɗanɗana amfanin haƙuri. Kasuwar tufafinta ta Piece Hall, wadda aka buɗe a 1779, da ƙyar ta tsira daga rushewa a farkon shekarun 1970, daidai lokacin da ake ɗora wannan sabon ofishi. Bayan gyara aka sāke buɗe ta a 2017, ta zama abin alfaharin gari. Abin da uba ya raina, jika yakan neme shi da kuka. Ginin da aka rushe kuwa ba ya dawowa.

Sai dai akwai abin da dokar ba ta iya tsarewa. A 1997 ƙungiyar ta daina zama ta membobinta, bayan sun jefa ƙuri'a sun yarda a mai da ita banki, aka raba musu hannun jari. A 2001 ta haɗu da Bank of Scotland. Rikicin kuɗi na 2008 ya durƙusar da sabon kamfanin, Lloyds ya haɗiye shi a 2009, gwamnati kuma ta sa kuɗin jama'a domin ceto. Ashe sa'ad da aka sa ginin cikin jerin tarihi, shekara 16 ke nan da mutuwar abin da aka gina shi dominsa. An adana ƙwarya bayan furar ta zube.

Wannan bai rage darajar tsarewar ba, ya dai sāke ma'anarta. Ginin ya zama shaida cewa ƙananan ajiya na talakawa sun taɓa ɗaga dutse har sama, ya kuma zama gargaɗi cewa abin da aka tara cikin shekara 144 ana iya sayar da shi da ƙuri'a guda. Hukuma na iya hana a taɓa bango. Amanar da ke cikin bangon kuwa, masu ita ne kaɗai ke iya tsaronta.